Ɗantala da Mayun Intanet

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Dogon Dutsi ya san rumfar Ɗantala, in ma bai gan ta ba, to ya ji muryar mai ita. Rumfar kwano ce da ba ta kai shimfiɗar tabarma biyu ba. A nan yake cajin wayoyi, yana fotokopi, yana zuba wa mutane waƙoƙi a kati. Amma a saman ƙofa ya rubuta da jan fenti: INJINIYA ƊANTALA, GWANIN INTANET NA AREWA DUKA.

Asalin injiniyancin kuwa, wansa aka gayyata wani horo na kwana tara a Yamai, zazzaɓi ya kwantar da wan, Ɗantala ya tafi a madadinsa. Ya dawo da katin wuya mai shuɗiyar igiya da wata tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, da ba ta kamawa sai an tokare bayanta da dutse. Katin nan ko masallaci da shi yake zuwa.

A garin akwai wata ƙungiya ta ƴan sa-kai masu ba da jini kyauta, sunanta Jinin Zumunta. Madam Angèle ce shugaba, tsohuwar ungozoma da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin ta ajiye aiki. Rabin samarin garin a hannunta suka faɗo duniya, har da Ɗantala. Abin da ke hana ta sakewa shi ne damina ta matso. Ta san in ruwa ya zauna zazzaɓi zai fara tsotse jinin yara, za a riƙa kawo masu naƙuda daga Ɗan Kassari bisa amalanken jaki, fuska fari fat, ga shi ƙungiyar mutum ashirin da huɗu ce kacal. Don haka suka sa ranar ba da jini ta gari duka, Asabar ta mako uku masu zuwa, suka zauna a tsakar gidan Madam da la'asar don a san yadda za a ja mutane.

Nusaiba, malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma sakatariyar ƙungiya, ta ce, "Mu buɗe ɗan sit a intanet. Shahi guda na rubutu ya isa: sunanmu, abin da muke yi, rana da wurin taro, sai lambar waya. Kowa ya tura wa ɗan'uwansa."

Ɗantala, wanda wata biyu ke nan da shigarsa ƙungiyar saboda ya ga ana raba hula, ya miƙe tsaye har kujerarsa ta kife.

"Shahi guda? Ƙanwata, kin ga ana gina gida da ɗaki guda, ba zaure ba makewayi? Wanga aiki ai ya taras da mai shi zaune. A Yamai sit nawa na gina? Ni kaina ban san adadi ba. Jini kuwa sau goma sha biyu na ba da, har likita yana roƙona in rage wa kaina."

Madam Angèle ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗantala, ni na karɓi haihuwarka. Bakinka ya riga kanka hitowa."

"Madam, ai alamar baiwa ke nan."

Nusaiba tana da jarrabawar ɗalibai a gabanta, sauran kuma babu wanda ya san inda ake fara abin. Aka ce to, a ba shi.

Washegari ya zo da bayan kwalin sabulu, ya zana tsarin sit ɗin da gawayi. Shafi goma sha bakwai. Na farko tarihin injiniya, na biyu hotunan injiniya a Yamai, na uku saƙon injiniya ga matasa.

Alhaji Sallau, mataimakin shugaba, dillalin wake mai tumbi kamar randa, ya ce, "To mu ina muke?"

"Alhaji, kuna nan shahi na sha huɗu."

"Jinin hwa?"

"Zai shigo. Ba a hwara zance da jini, sai mutane su tsorata."

Madam ta karɓi gawayin ta soke shafi goma sha biyar. Ta bar biyu: na gaba mai kiran jama'a, da na hotunan ƴan ƙungiya. Ɗantala ya naɗe kwalinsa yana gunaguni cewa haka aka yi wa duk manyan masana a garinsu.

Sai maganar hoto. Ɗantala ya ce hoton mutane a tsaye kamar masu jiran gawa ba ya jan kowa, dole a ga motsi. Ya yanke cewa Alhaji Sallau, da yake shi ne mai cika ido, zai hau amalanken jaki a bakin kasuwa, ya ɗaga jakar jini sama kamar mai kai agaji ƙauye. Da asibiti suka hana shi jakar jini, sai ya cika farar leda da soɓo mai kauri ya ɗaure bakinta.

"Ɗaga sama, Alhaji! Sama da kai! Yi murmushi irin na mai ceton rai!"

Alhaji ya ɗaga, ya yi murmushi. Ɗantala ya ga jakin ya sunkuyar da kai kamar abin bai dame shi ba, ya ce wannan ba motsi ba ne, ya kai masa duka da kwalin tsari a gindi. Jaki ya zabura. Alhaji ya yi baya, ya matse leda, leda ta fashe masa a fuska. Soɓo ya wanke gemu, ya gangara kan farar shadda, jaki kuma ya nufi tsakiyar kasuwa da shi yana ihu yana neman abin kamawa.

"Wayyo, an yanka Alhaji Sallau!" in ji wata mai tumatir, ta watsar da farantinta.

Masu nama suka fito da wuƙaƙe suna neman wanda ya yi kisan. Masu kabu-kabu suka bi amalanken suna danna ham. Sai a gaban rumfar masu tukwane jakin ya tsaya, bayan ya raba tukwane shida da duniya. Alhaji ya sauko yana haki, idanu waje, ya lashi leɓe, ya ce, "Ko sukari bai ji ba, ɗan banza."

A daidai lokacin Ɗantala ya iso da gudu ya ɗauki hoto.

"Wanga shi na motsi!" in ji shi.

Ginin sit ɗin kansa bai ba shi wuya ba, don bai gina komai ba. Ya laluba ya sami wani shiryayyen shafi na kyauta, kore shar, wanda aka yi wa masu sayar da dabbobi. Ya cire hotunan raguna da shanu ya jera na ƴan ƙungiya a gurabensu. Akwai ƙananan rubutu na Faransanci a ƙarƙashin kowane gurbi, amma Faransancin Ɗantala daga gaisuwa sai ban kwana, ya ɗauka ado ne ya bar su. A shafin gaba ya manna hoton Alhaji, ya zauna yana neman kalmomi masu ratsa zuciya. Abin da yake nufi mai kyau ne: ƙungiya ta shirya da Bilyaminu mai kabu-kabu ya riƙa ɗauko duk mai son ba da jini daga gida. Ga yadda ya rubuta shi da manyan jajayen baƙaƙe:

JININKA MUKE SO. MUN SAN GIDANKA. KO BA KA ZO BA, MU ZA MU ZO.

A ƙasa ya sa lambar wayar matarsa Balki, don a ganinsa injiniya ba ya amsa waya da kansa, sai ta hannun sakatariya. Bai gaya mata ba. Ya kulle aikin da kod mai tsawon igiyar rijiya, ya rubuta kod ɗin a bayan wata takardar fotokopi da ta lalace, ya jefa cikin tarin takardun gida.

An yi da shi cewa Nusaiba za ta duba kafin kowa ya gani. Amma ciki da gaskiya ne wuƙa ba ta hudawa, ciki da alfahari ko tsinke ya ishe shi. Kafin azahar ya tura sit ɗin a kowane zauren waya da yake ciki, na ƴan tasha, na ƴan unguwa, na tsofaffin ɗaliban ajin da bai gama ba, da rubutu a sama: Aikin hannuna.

Shafi na biyu ya yi nauyi, babu wayar da ta iya buɗe shi da rezon garin, wato sabis ɗinsu mai rauni. Na farko kuwa ya buɗe tas. Ga Alhaji Sallau, idanu a zazzare, gemu ja jawur, yana lasar leɓe, ga kuma rubutun.

Balki tana cikin tankaɗe wayarta ta fara kuka.

"Salamu alaikum, ke ce mayyar?"

"Uwarka ta mayya!" Ta kashe.

Wayar ta sake kuka. Wata tsohuwa ce daga Dogon Kiriya, tana rantsuwa cewa ita jininta ɗaci gare shi, ta sha maɗaci tun tana budurwa, kada su wahalar da kansu. Na uku ya ce ya tashi daga gidan da suka sani. Na huɗu ya yi ƙasa da murya ya ce shi ba nasa zai bayar ba, amma yana da wani suruki mai jini a jika, in suna so ya kwatanta musu gidan.

Kafin magariba kira arba'in da ɗaya. Balki ta ɗauki muciya ta nufi tasha.

"Injiniya! Hito ka gaya mini yaushe na koma mayya ban sani ba."

"Balki, kwantar da hankalinki. Kira nawa kika samu?"

"Arba'in da ɗaya!"

Ɗantala ya juya ga masu jiran caji, fuska cike da haske. "Kun ji? Arba'in da ɗaya a yini guda! A Yamai sai sit ya yi wata bai samu goma ba."

Muciya ta sauka a kan kwanon rumfa, tazarar yatsa biyu da kunnensa.

Kwana biyu garin ya ɗauka. Aka ce mayu sun waye, sun bar bin dare sun buɗe ofis a intanet. Aka ce in ka kalli hoton sau uku kurwarka ta tafi. Wani mai magani a bakin kasuwa ya fara sayar da laya ta musamman da ake ɗaura wa waya. Alhaji Sallau ya zauna a gaban buhunan wakensa tun safe har la'asar ko kaza ba ta matso ba, mata suna janye ƴaƴansu in sun hango shi. A masallaci sahun da ya tsaya ya yi faɗi, mutum ɗaya a dama can nesa, na hagu ya ce alwalarsa ta karye. Ran Lahadi Madam Angèle ta shiga coci ta zauna a bencinta na kullum, ta waiga ta ga ita kaɗai ce a kai, sauran sun cushe a na baya kamar kifin gwangwani. Mutum bakwai daga cikin ashirin da huɗun suka aiko a cire sunansu.

Madam ta kira taron gaggawa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Ɗantala ke nan.

"Jiya an kawo wata yarinya daga ƙauye, haihuwar hwari, jini ya ƙare mata. Na kira mutum biyar, huɗu sunka kashe waya da jin muryata. Nusaiba ta ba da nata, ba don haka ba da yau muna zaman makoki. Shekara shida muna lallashin mutane su yarda jinin nan ba sayar da shi muke ba. Kai ka rushe shi da yini guda. Ka goge abin nan yau."

Ɗantala ya sunkuyar da kai. Abin ya taɓa shi, don ba mugu ba ne, wawa ne kawai. Ya ce, "Madam, minti biyar. Kamar an yi an gama."

Ya koma gida ya buɗe odinatar, ta ce ya sa kod. Ya sa abin da ya tuna, ta ƙi. Ya juya shi, ta ƙi. Ya tuna takarda, ya zube tarin takardun gida, babu ita.

"Balki, ina takardun da ke nan?"

"Waɗanda nike naɗe ƙosai da su?"

"Ƙosai? Kin naɗe sirrin ƙungiya da ƙosai?"

"To da mi zan naɗe? Da katin wuyanka?"

Washegari da sassafe Ɗantala ya bi gida gida yana tambayar wanda ya sayi ƙosan Balki ranar Laraba da inda ya yar da takardar. Da yake duk gari ya san shi ne mai rubuta wa mayu wasiƙa, ƙofa uku aka rufe masa a fuska, a ta huɗu aka watsa masa gishiri. Daga ƙarshe ya sami takardar a aljihun Bilyaminu mai kabu-kabu, wanda ya goge hannu da ita sannan ya goge madubin babur. Mai ya cinye rabin kod ɗin. Ɗantala ya yi ta cike sauran da ka, har odinatar ta gaji ta ce ta rufe ƙofa, ya dawo bayan wata guda.

Mai hankali da ya je ya faɗi gaskiya. Ɗantala ya je ya ce wa Madam, "An gyara. Sai dai intanet kamar tuwo take, tana ɗaukar lokaci kahin ta huce. Ran Asabar za ku ga abin mamaki."

Dabararsa ita ce: ran taro, in an haska sit ɗin a bango, zai tsallake shafin farko da sauri kafin ido ya kama, ya faɗa na biyu wanda babu wanda ya taɓa gani, inda ƴan ƙungiya suke jere cikin mutunci. Jama'a su ga fuskokin da suka sani, hankali ya kwanta, a tafa wa injiniya.

Asabar ta zo. Madam ta yi zaton ko mutum goma ba za a samu ba, sai ta tarar zauren matasa ya cika har tagogi. Ba jini suka zo bayarwa ba, kallon mayu suka zo, da rana tsaka, cikin taro, inda ba za a iya cinye kowa ba. Wasu da layu a wuya, wasu da tafarnuwa a aljihu. Gaba ɗaya an bar layi biyu na kujerun gaba babu kowa. A gefe guda babban likita da ma'aikatansa sun shimfiɗa gadaje uku da akwatin sanyi, suna kallon ikon Allah. Likitan ya ba da aron majigi da na'urarsa mai rezo mai ƙarfi, aka rataya farin zanen gado a bango.

Ɗantala ya fito cikin babbar riga ta aro, kati a wuya. Ya karɓi lasifika ya yi minti ashirin yana bayanin yadda intanet ke tafiya ta ƙarƙashin teku ta ɓullo a Dogon Dutsi ta bayan dutse. Sannan ya tokare odinatar ya danna.

Alhaji Sallau ya bayyana a bango, tsawonsa ya kai na raƙumi, kowane ido kamar faranti. Mata suka yi salati. Wani ya faɗo daga taga. Ɗantala ya yi ta danna maɓalli, odinatar ta tsaya tana tunani, Alhaji na bango yana lasar leɓe, Alhaji na kujera yana neman inda zai sa fuskarsa.

"Ku yi haƙuri, wanga tsohon zance na! Ga na gaskiya nan tahe!"

Shafi na biyu ya buɗe. Kore shar, hotuna a jere, kowa cikin shigarsa ta kirki. Ɗantala ya saki ajiyar zuciya ya buɗe hannuwa kamar mai jiran tafi. Abin da bai lissafa ba shi ne, rubutun da yake ƙanana a odinatar, a bango kowane harafi ya kai tafin hannu.

Bilyaminu ya yi lakwal har aji tara kafin ya kama babur. Ya karanta na ƙarƙashin hoton Alhaji, ya toshe baki, abin ya fi ƙarfinsa.

"Mi anka rubuta?" in ji mutane. "Hwassara muna!"

"An ce... an ce, rago mai ƙiba, ya isa layya!"

Dariya ta fashe kamar an ɓalle bakin gulbi.

"Na Madam hwa?"

"Tsohuwar saniya, amma haƙoranta lahiya lau!"

Madam Angèle ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Wanga dai ba su yi ƙarya ba," in ji ta.

Bilyaminu yana riƙe da ciki yana bin layi, har ya iso kan hotonsa, sai ya ce rubutun nan bai fito sosai ba. Nusaiba ta ce ita tana gani. "Jaki mai ƙarhi, yana cin komi, ba ya gardama."

"Ƙarya ne! Ina gardama!" in ji Bilyaminu.

Hoton ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma, na injiniya ne da kansa, ya dafa haɓa yana kallon nesa. Ɗantala ya yi tsalle ya tare bango da babbar riga, rubutun ya sauka a kan tumbinsa, Nusaiba ta karanta daga nan.

"Bunsuru dandaƙaƙƙe, mai yawan kuka."

Daga can baya muryar Balki ta taso. "Yawan kukan dai na shaida. Sauran ku tambaye shi."

Har likita sai da ya zauna a ƙasa. Alhaji Sallau kuwa bai yi dariya ba. Ya tuɓe takalmi ɗaya ya nufo Ɗantala yana cewa yau za a ga wanda ya isa layya. Suka zagaya teburi sau biyu, ƙafar Ɗantala ta harɗe da waya, odinatar ta yi sama, zanen gado ya sauko ya lulluɓe shi, ya faɗi yana shure-shure a ciki kamar kifi a koma.

Madam Angèle ta ɗauki lasifika. Ta ga abin da ba wanda ya lura da shi: mutanen da suka shigo da tsoro yanzu hawayen dariya suke sharewa, har sun cika kujerun gaba ba su sani ba.

"Jama'a, kun zo ganin mayu, kun ga rago da saniya da jaki. Yanzu ku tsaya ku ga inda jinin yake zuwa, da idonku. Ga likita, ga jaka, ga akwatin sanyi. Kuma wanda zai hwara gwani ne, sau goma sha biyu ya ba da a Yamai. Injiniya, bisimilla."

Aka kwance Ɗantala daga zane. Ya dubi ƙofa, Alhaji na tsaye da takalmi. Ya dubi taga, Balki. Ya gyara kati ya hau gado yana cewa shi allura abokiyar wasansa ce, a kawo babbar. Ma'aikaciyar ta kama ɗan yatsansa don ta gwada irin jininsa tukuna, ta ɗan tsikare shi. Jan ɗigo ya fito kamar ƙwayar gero. Ɗantala ya dube shi, ya ce "Inna," idanu suka juye, ya suma.

Aka ɗauke shi aka shimfiɗe a benci ana yi masa fifita. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta taso daga cikin taro tana ɗaure zane, ta ce, "Wanga abu shi ya kayar da ƙato? Ku matsa in gani." Ta hau gado ta miƙa hannu. Likita ya duba ya ce shekarunta sun wuce, ta ce to ga ɗanta nan, ta jawo shi da kunne. Da samari suka ga haka, babu mai son a ce ya bi sahun Ɗantala. Layi ya miƙe har waje, masu layu da masu tafarnuwa duka. Nusaiba ta zauna a gefe da wayarta, kafin la'asar ta buɗe sabon shafi guda ɗaya mai layi huɗu, ta bi layi tana rubuta sunayen sababbin shiga. Mutum sittin da uku suka ba da jini a ranar, har jakunkuna suka ƙare aka ce saura su dawo Litinin.

Sai da aka zuba wa Ɗantala ruwa moɗa biyu ya buɗe ido. Ya ga layi, ya ga akwatin sanyi a cike, ya tambayi adadi aka gaya masa. Ya tashi zaune a hankali, ya laluba katinsa ya ji yana nan.

"Sittin da uku," in ji shi. "To kun gani. Da shahi guda na ƙanwata mutum nawa za su zo? Sai da na tsorata su, na ba su dariya, sannan na hwaɗi da gangan don su ji ƙarhin gwiwa. Duk cikin tsari yake. A Yamai wata uku ake koyon wanga."

Alhaji ya duba takalminsa, ya ga ya riga ya sa.

Ɗantala ya dafa goshi ya lumshe ido irin na wanda ya yi sadaukarwa. "Sai dai ku gaya wa likita ya yi hattara da nawa, ba kowane jiki ke iya ɗaukar jinin injiniya ba. Jiri nike ji har yanzu. Madam, lita nawa kunka ɗiba?"

Madam Angèle ta zauna kusa da shi, ta kama hannunsa ta naɗe masa hannun riga har gwiwa, a hankali, kamar yadda take yi wa masu naƙuda.

"Ɗana," in ji ta, "ai ba mu hwara ba tukuna."

Sai da aka sake aikawa a kawo ruwa.